Marlene Dubicki da Jar Motar Babansu

Duk wanda ya yi firamare a kudancin Bay City ya san Marlene Dubicki, domin ita ta yi ta kai su makaranta tana dawo da su a bas, daga baya kuma ta ɗauki 'ya'yansu. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, dariyarta sai an yi da gaske, kuma har ta yi ritaya ko madubin motar wani ba ta taɓa ƙwarzana ba. Iyayen yara suna yabon natsuwarta a kan titi. Ba su san cewa gudu ta fara koya kafin ta koyi natsuwar ba.

Babansu a masana'antar narka ƙarfe yake aiki. A 1970 ya shigo gida da Chevelle ja wur, mai baƙin layi biyu a kan bonet, irin motocin nan masu ƙaton inji da in an tashe su sai tagogin maƙwabta sun yi rawa. Marlene ta kamu da son motar tun ranar. Ƙaninta Norbert kuwa, da an zaunar da shi a baya sai amai. Da ta isa tuƙi, Baba ya fita da ita bayan gari ya koya mata taka kuloci da sa giya, in ya ga tana lallaɓawa sai ya daka mata tsawa, “Ba ta wuta mana! Ƙwai kika ɗauko?”

Da Baba ya rasu, sai ga shi Norbert ya bar wa motar. Ita kuma tangaran ɗin Mama da agogon bango. A gaban dangi ita da kanta ta miƙa wa ƙanin nata makullin. Sai da ta koma gida ta shige banɗaki ta kunna famfo don kada mijinta ya ji kukanta.

Da ma Norbert yana hawan motar, da abin ya zo mata da sauƙi. Ina! Gareji na musamman ya gina mata, da abin ɗumama ɗaki saboda sanyi, ya lulluɓe ta da mayafi mai laushi. In za a yi baje kolin tsofaffin motoci sai ya ɗora ta a tirela, ya je ya zauna kusa da ita a kujerar roba yana karɓar yabo, ya dawo da kofin gasa ya jera a falo. Duk Juma'ar da suka haɗu wajen cin soyayyen kifi a zauren coci, sai ya zaro waya ya nuna mata sabon kofin.

Takan ce, “Norb, tsakaninka da Allah, ka taɓa sa mata giya ta huɗu?”

“Ke Marlene, wannan ba motar yawo ba ce, tarihi ce.”

“To ka kai ta gidan tarihi mana, su zagaye ta da igiya, kai ma su ba ka kujera a gefe.”

Sai ya yi dariya ya ci gaba da cin kifinsa. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa ce mata ta ɗana ba, ita ma girman kai bai bar ta ta roƙa ba.

Bayan rasuwar mijinta da aikin da aka yi mata a gwiwa, ɗanta Russell ya dage sai ta canza mota. Ya kawo mata wata mai ruwan toka, shiru kamar mage, mai ido ta ko'ina. In tayarta ta taɓa layin titi sai motar ta yi ƙara, sitiyarin ya ja ta baya. In ta sa ribas sai allo ya haska mata abin da ke bayanta. In ta matsa kusa da ta gaba sai ta taka wa kanta birki.

Ta ce wa Russell, “Ni da na yi ta juya bas cike da yara a cikin ƙanƙara, yau mota ce za ta gaya mini akwai kwandon shara a bayana?”

“Mama, don mu samu kwanciyar hankali ne.”

“Ku samu. Ni dai na rasa nawa.”

Akwai ranar da barewa ta yi tsalle ta faɗo titi a gabanta, motar ta tsaya cak kafin ƙafarta ta kai ga birki. Ta daɗe a gefen hanya kafin ta ci gaba da tafiya. Wannan labarin ba ta ba kowa ba, balle Norbert, wanda ke kiran motar tata “mai reno”.

Ana nan sai idon Norbert ya fara lalacewa. Tsakiyar abu ba ya gani, sai gefe-gefe, likita kuma ya hana shi tuƙi. Ga shi jerin gwanon tsofaffin motoci na bazara ya matso, wanda shi kaɗai ne ranar da yake tuƙa Chevelle ɗin da kansa, a hankali kamar mai rakiyar gawa. Wata safiya ya buga mata waya, ya yi ta kewaye-kewaye kan lafiyar gwiwa da zafin gari, kafin ya fito fili.

“Marlene, har yanzu kin iya kuloci?”

Ta dake. “Ka tambayi kulocin ko har yanzu ya iya ni.”

Ranar ta zo. Da ta zauna a kujerar direba, warin tsohuwar fata da fetur ya cika mata hanci, sai da ta kau da kai ta yi kamar tana gyara madubi. Ta murza makulli, ƙarar injin ta ratso kujera ta shiga ƙashin bayanta. Sitiyarin ya fi yadda take tunawa nauyi, kulocin kuma ya sa sabuwar gwiwar ta yi ƙara. Bel ɗin na cinya ne kawai ta ɗaura. Babu abin da ya yi mata ƙara, babu allon da ya haska.

Suka shiga layi a babban titi, jama'a cike da gefen hanya da kujerunsu da lemo. Sai kiran suna ya fara.

“Norb! Kai, motar nan ba ta tsufa!”

“Norbert, ka samu direba ke nan? Manya!”

Norbert yana ta ɗaga hannu ta taga kamar mai neman ƙuri'a, alhali ko fuskokinsu ba ya gani. Wani tsoho ya leƙo ya ce mata, “Baiwar Allah, ki bi a hankali, wannan ba bas ba ce.” Hannun Marlene ne a sitiyari, ƙafarta ce a totur, amma ko mutum ɗaya bai kira sunanta ba.

Da aka kai ƙarshen layi, inda ake karya kwana a shiga filin fakin, sai ta miƙe.

“Ke, kin wuce! Marlene, nan ne!”

“Na gani.”

Ta fita gari ta kama hanyar da ta bi bakin ruwa, ta sa giya ta uku, ta sa ta huɗu, ta danna totur. Motar ta yi wani gurnani, gabanta ya ɗaga, itatuwa suka koma zare. Norbert ya dafe gaban mota da hannu biyu yana kiran Maryamu da Yusufu, yana rantsuwa sai ya kai ta ƙara. Ba ta ɗaga ƙafa ba sai da gwiwar ta ce ta gaji. Ta gangara gefe ta tsaya, ta kashe inji.

Norbert yana ta haki. Can sai ya fashe da dariya har da hawaye. “Ashe haka take yi? Wallahi ban taɓa sani ba.”

Ita ma ta yi dariya, irin wadda ta manta tana da ita. Ta dube shi, ga furfura, ga idon da ba ya gani, a ranta ta ce yau dai zai ce ya ba ta motar. Wa ya rage masa in ba ita ba?

Ya share ido ya ce, “Na yanke shawara. Corinne zan ba motar.”

Corinne 'yarsa ce, ma'aikaciyar jinya, uwar yara biyu.

“Baba bai kyauta miki ba, na sani,” in ji shi. “Ba zan yi wa tawa 'yar haka ba. Sai dai ba ta iya giya ba. Ke za ki koya mata.”

Marlene ta ƙura wa ruwa ido. Ashe ana ba 'ya mace. Ashe abin ba wuya, buɗe baki kawai uba zai yi. Ta tayar da mota ta mayar da shi gida.

Amma ranar Lahadi bayan coci ta je koyarwar. Corinne ta fito da fara'arta, “Anti Marlene, ki yi haƙuri da ni fa, tsoron motar nan nake ji.” Ta kashe injin sau da yawa a ranar farko, Marlene kuwa har ranta ta ji sanyi. Sai dai daɗin bai daɗe ba. Kafin wata ya ƙare yarinyar ta kama hannu, ƙafarta ta san inda kulocin yake kamawa, tana sa giya sumul tana hira. Marlene ta gani sarai, kuma hakan ya fi komai ci mata rai.

“Yaya, Anti? Na iya?”

“Da saura. Matsa in sake nuna miki.”

Haka ta yi ta ja, kowace Lahadi da sabon laifin da za ta samo, kowace Lahadi rabin tuƙin ita ke yi. Corinne ba ta taɓa musu ba, sai dai ta zagaya ta zauna a gefe tana ɗan murmushi.

Ganye ya fara zuba lokacin da wata yamma Marlene tana wanke-wanke ta jiyo gurnanin daga ƙarshen layi. Ta leƙa ta labule. Corinne ce ita kaɗai, gilashi a sauke, gashinta yana tashi. Ta rage gudu a ƙofar gidan ta danna hon sau biyu. Marlene ba ta fito ba. Ta tsaya da kumfa a hannu, ta kasa kunne tana jiran ta ji giyar ta yi ƙara ko injin ya shaƙe a kwana. Motar ta sha kwanar lafiya lau, ta ɗauki ta uku, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace.

“Ta yi saurin canza giya,” ta faɗa a fili, ko da yake ba kowa a gidan, kuma ta san ba gaskiya ba ne.