Motar Bamidele a Cikin Daro

Kawuna Na'Allah, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran fitila ne a bakin kasuwar Bagudo. Fitilar ƙwai, mazurari, butar gwangwani, duk abin da dalma ke kamawa shi ake kai wa. Amma daga Kaoje har Kurgu ba da wannan aka san shi ba. Da ƙananan motoci aka san shi.

Shekarar da aka samu mulkin kai, wani Baturen gona da zai koma gida ya bar masa wani kwali. Guntayen roba ne a ciki, da zane a takarda. Kawu ya ɓata damina guda yana haɗawa, har ta tashi ƙaramar mota irin ta shiga. Ya dube ta ya ce ba ta da amfani a ƙasarmu, tunda babu inda za a aza buhu. Ya yanke bayanta ya kafa mata bodin katako. Daga nan bai ƙara neman kwali ba. Garwar kananzir ta zama kan mota da madigadi, tsohon tiyub ya zama taya, bodi kuwa siraran tsinkayen tukurwa ne da yake ferewa ya manne da ƙaro.

Ba ya ƙera motar da babu ita. Sai wadda ke shigowa tashar Bagudo, wadda ya san mai ita da direbanta. Yakan auna ta da igiya, ya yi ta ninka igiyar har ta dawo kamu biyu, wannan ne ma'auninsa. Ba ya sayarwa. Yana jera su bisa katako a ɗakin da ke bayan rumfarsa, masu motoci su zo su yi kallo. Kuma duk abin da ya sami babbar, sai ya sa wa ƙaramar. In mota ta bugi kuka ta lotse, zai je ya duba, ya dawo ya ɗauki guduma ya lotsa tasa daidai wurin. In an sake fenti, ya sake.

Maliki, shugaban direbobi, yakan tsaya bakin ƙofa ya ce, "Kai Na'Allah, tsegumi gare ka! Ɗan gilashin da yah fashe ran Laraba ma sai ka tona ni?"

"In ba ka son a gani, Sarkin Tasha, bar gudu bisa gargada."

"Ga wanda bai taɓa riƙa sitiyari ba shina koya mini tuƙi!"

Haka ake yi, a yi dariya a watse. Matarsa Barira takan ce da motocin nan na cin tuwo da sun ƙarar da rumbu.

Na dawo daga Zariya da digirina a daminar 1966. Kafin in taso, a rikicin da aka yi a can, na ga abin da taron jama'a ke iya yi a kan titi, kuma tun daga lokacin ko kasuwa ta cika sai in kauce mata. Rumfar Kawu ce kaɗai wurin da nake iya zama. Ba ya tambayata komai, sai sautin zartonsa.

Akwai wani Bayarabe mai suna Bamidele, wanda ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta fi ta wasu. Yana da babbar mota shuɗiya mai ɗaukar shinkafa daga Kaoje, direbanta kuma wani ɗan gari ne, Ango. Wata rana ya zo ya ce yana so ya ɗaga bodin motar ya ƙara masa tsawo, amma kafinta ya kasa gane abin da yake nufi.

"Baba Na'Allah, yi mini a ƙaramar tukuna, in kai mishi ya gani da idonshi."

Kawu ya ce, "Ban taɓa riga babbar ba, Dele. Ita ka yi, ni bi."

"Haba, sau ɗaya dai. Ko ɗinki ai da gwaji ake farawa."

Kawu ya yarda. To ƙaro ba ya saki sai da ruwa. In aka ɓamɓare shi a bushe, tsinkayen karyewa suke yi. Don haka Kawu ya cika daro, ya kifa ƙaramar motar a ciki, tayoyinta a sama, ya ɗora dutse don kada ta taso. Ya ajiye daron a bakin rumfa inda rana za ta ɗumama ruwan. Ranar kasuwa ce. Duk wanda ya wuce ya leƙa. Ango da kansa ya tsaya ya ce, "Kawu, ka ko hidda ni kahin ka nutsad da ita?" Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi.

Kasuwa ba ta zagayo ba, motar Bamidele ta zame daga kan jirgin fito a mashigin kogin Kwara. Ruwa ya cika, lodi ya yi nauyi, ta kife. Masunta suka ce tayoyinta kawai ake hange. An fid da fasinjojin da ke saman buhuna. Ango yana cikin kan motar, ba a same shi ba sai washegari.

A wurin zaman makoki ba wanda ya ɗaga murya. Sai dai da Kawu ya shigo, tabarmar da ya zauna a kai ta zama tasa shi kaɗai. Daga baya maganganu suka fara fitowa kaɗan-kaɗan. Wani ya tuna cewa ya ga lotsawa a ƙaramar motarsa tun kafin ya bugi kuka. Wani ya ce ai ba a taɓa ganin lokacin da Na'Allah ke zuwa duba ɓarna ba, sai dai a tarar ya riga ya yi. Mutanen da suka tsaya da shi yana aunawa da igiya, su ne suka ce ba su tuna ba. Aka daina kawo fitila. Mata suka daina aiko wa Barira da cefane. Liman ya yi huɗuba a kan ƙaddara, aka saurara, aka fito, ba abin da ya canja.

Bamidele ya zo ta bayan gida, idonsa jawur. "Ni na sa ka, Baba. Zan faɗa a tasha."

"In ka hwaɗi, kai da ni za a haɗa. Kai kuma baƙo ne, ga ka da ƙananan ɗiya. Yi shiru."

Bamidele ya tafi duk da haka ya faɗa. Aka ce to, ashe su biyu ne. Kafin mako ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya yi kudu.

Wata Asabar da hantsi Ma'azu, wan marigayi Ango, ya taho da garwar kananzir, mutane na biye da shi. Ba sa ihu. Wannan shirun na sani, na taɓa jin irinsa a Zariya, ban tashi daga kan benci ba. Kawu ya ajiye awartaki ya miƙe tsaye.

Ma'azu ya ce, "Kauce, tsoho. Ba kai muka so ba yau. Ɗakin ga muka so."

Sai ga Maliki da gudu, rigarsa a hannu, direbobi na bayansa. Ya tare ƙofar. Na ɗauka abokinsa ya zo ceta.

"Ma'azu, kana hauka? Motata na ciki! Tana kan hanyar Kamba yanzu haka da mutane cike. Ka sa ma wanga ɗaki wuta, su wa kaka ƙonewa?"

Ma'azu ya tsaya da garwa a hannu. Na ga fuskokin mutane suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya, kowa na tuna wani nasa da ke kan hanya. Aka sauke garwar a hankali, nesa da bango.

A nan tsaye suka yanke shawara. Ba za a ƙone ba, ba za a fasa ba, ba wanda zai ɗauki tasa, don kada ta suɓuce masa a hanya. Za a kulle ɗakin. Na'Allah kuwa ba zai ƙara taɓa su ba, kuma ba zai ƙera sabuwa ba. Maliki ya tattara guduma da almakashi da zarto ya zuba a buhu, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Da mi zan gyara hitila, Maliki?"

"Wa ka kawo maka hitila?"

Kawu ya zauna wata guda a rumfar da babu komai. Duk motar da ta makara, sai a ga mutane sun taru nesa kaɗan suna kallon hannuwansa. Ran da tayar wata mota ta fashe kusa da Geza, aka jefi rufin gidansa da duwatsu. Barira ta ce ita ba za ta jira ta gaba ba. Da safe suka shiga kwalekwalen wani masunci, suka bi ruwa sama zuwa Dahome, wurin dangin mahaifiyarsa. Ba wanda ya hana su, ba wanda ya raka su sai ni.

Bayan ƙaramar salla Maliki ya neme ni. Ya rame. Ya ce sun leƙa ta tagar ɗakin, gara ta hau katakon, ta cinye rabin bodin motoci biyu, tana dosar tasa. Ba mai ƙarfin zuciyar shiga ya share, kowa na tsoron ya ture wata.

"Bunyaminu, kai ɗa nai ne. Tahi ka ce ya dawo. Mu maido mishi da kaya nai, mu gyara rumhwa."

Na je. Na tarar da Kawu a wani ƙauye bakin ruwa, yana like butar wata mata da kayan aro. Ya saurare ni har na gama.

"In na dawo na gyara, ran da wata tah hwaɗi, wa za a ce?"

Ya juya butar, ya ci gaba.

"In ban dawo ba, gara ta ci, wata tah hwaɗi, wa za a ce?"

"Kai, Kawu."

"To gara a ce ni ina nan, da kogi tsakani."

Ya miƙa wa matar butarta, ya ce ta zuba ruwa ta gani ko tana yoyo.

Na dawo Bagudo shekaranjiya. Ban bi ta tasha ba, na zagaya ta bayan makabarta. Maliki ya aiko sau biyu, na ce a ce masa zazzaɓi nake yi.