Kekunanmu Suna Gidan Sarkin Ƙauye

Jama'a, mun fita a kan keke da safe, mun dawo Zangon Kumasi a trotro, motar haya!

Kun san Habu, ɗan kawuna da ya zo daga Yamai wancan watan. Tun zuwansa yake damuna in kai shi hawan dutse da keke. Yau na aro masa keken maigidana na Magazine, unguwar makanikai, muka nufi tsaunukan bayan gari.

Muna gangarowa sai ga rafi. Wata tsohuwa tana ta ɗaga mana hannu. Habu ya ɗaga mata, ya faɗa ruwan da gudu, na bi shi. Har muka tsaya wanke tayoyi!

Kafin mu fito maza sun zagaye mu. Ashe ranar Talata ba a taɓa rafin nan!

Sai gidan sarki. Na durƙusa ina roƙo da yaren Asante. Na kira shi yadda suke kiran sarki, na ce, "Nana, baƙo ne, bai sani ba."

Sarki ya ce, "Shi baƙo ne. Kai fa, ba a Kumasi aka haife ka ba?"

Na ci gaba da ba da haƙuri.

Ya ce mu kawo rago da kwalbar giya a yanka wa rafi, kafin nan kekuna ba sa motsi.

Habu ya ce, "Yaya, wallahi ba na yanka wa ruwa. Su riƙe keken!"

Keken wa? Maigida ya kira ni sau uku, ban ɗauka ba.

Ku faɗa mini, ni da babana ke kiran salla a layinmu, da wace fuska zan shiga shagon giya?