Washi a gindin kofi

A gidan da muka yi haya a unguwar Nasim ta birnin Riyadh, tukunya ɗaya ce, wuƙa ma ɗaya, kuma kowa da ranar girkinsa. Ni da na bar koyar da adabi a gida na zo ina tuƙa motar kamfani, ranar girkina ta zama ranar azumin nafila ga jama'a. Shugaban tukunyar, wani dattijo mutumin Damagaram da muke kira Baba, ya tara mu ya yanke hukunci: an sauke ni daga girki, an ɗora mini kula da wuƙa. In Juma'a ta zo ba ta yanka nama ba, sai in koma cin burodin shago da madara. Tuwon Juma'ar nan kuwa shi ke riƙe da ni a Riyadh, fiye da iƙama, takardar izinin zama.

Wuƙar ta dakushe har tumatir ba ya tsoronta. A gida ban taɓa washi ba, amma na san akwai dutse a tsakar gida da ake gogawa. Riyadh kuwa duk dutsen da ta samu sai ta goge shi ya yi santsi. Na duba ɗaki, na duba bene, tayil ne da marmara. Daga ƙarshe na samu simintin bakin titi mai kaushi. Na tsuguna da butata bayan la'asar, na shiga aiki.

Na lura masu dawowa daga masallaci suna tsallakawa ɗaya gefen, na ɗauka inuwa suke bi. Sai na ji an cafki wuyan rigata.

"Malam, ƙalau kake kuwa?" in ji Baba. "Baƙo, a bakin titi, da wuƙa, kana murmushi?"

Na ce ba murmushi ba ne, cije leɓe nake yi. Ya ce in adana wannan bayani ga 'yan sanda, in yi musu da Larabcina na littafi, ya ga ko za su jira ƙarshen jimlar.

Simintin ma ɓarna ya yi, bakin wuƙar ya koma kamar zarto.

Wanke-wanke ne ya cece ni. Wuƙar ta gogi gindin wani kofin tangaran da ke kife, ta bar baƙin layi. Zoben da kofi ke zama a kai ba shi da santsi, ashe dutse ne a ɓoye, kuma ba wanda ke kiran hukuma don an kife kofi. Na jiƙa shi, na kwantar da wuƙar kamar zan fere shi, ina ja daga gindi zuwa tsini. Da farko ina miƙar da ita da yawa, ina kashe kaifin da na samu. Sannu a hankali babban yatsana ya koyi jin ɗan kaushin da ke tasowa a baki, alamar lokacin juyawa ya yi. Sai in ƙarasa a bayan bel ɗina. Gwaji kuma a gashin hannu, don haka kafin Alhamis hannuna na hagu ya zama figaggiyar kaza.

Ranar Juma'a Baba ya ce in miƙo hannu ya gwada. Ya dube shi, ya ga ba abin askewa, ya ɗauki tumatirin da ya fi kowanne laushi. Wuƙar ta ratsa shi ba tare da ya zubar da hawaye ba. Ya yanka naman fuska a murtuke, kamar alƙalin da bai so hukuncin da ya zama dole ba.

"A zuba masa," ya ce.

Na ci malmala biyu. Shi kuwa ya ɗauke kofin tangaran daga kan kanta, ashe nasa ne, ya kulle a akwati.