Kwalin Baba Anya

Shekara talatin da ɗaya, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya durƙusa ƙarƙashin ƙananan jiragen saman da ke rumfa ya zaro kwalayen da ya shimfiɗa jiya. Kowane kwali da dangwalen babban yatsansa na baƙin mai a kusurwa. In wani abu ya ɗiga daga jirgi, kwali zai nuna. Ka ce masa jirgi lafiya lau, ya kalle ka ta saman tabarau ya ce, "Anya kuwa?" Da haka makanikin nan ya zama Baba Anya. Ko shayi aka miƙa masa sai ya shinshina.

An sha yi masa dariya, har ranar da ya zaro kwali daga ƙarƙashin tayar hagu ta wani jirgi ya gan shi fes, ba ɗigo, ba dangwale. Matuƙin jirgin mijin 'yarsa ne, zai kai likitoci biyu wani ɗan filin jirgi mai gajeren titin sauka, da rami a ƙarshensa.

"Wa ya canja min kwali?"

"Baba, kwali ai kwali ne," in ji surukin, idonsa na kan agogo. "Na taka birki, yana ci."

Baba ya ƙi sa hannu a takardar izinin tashi. Manaja ya ce zargin tsohon nan ya ishe shi, ya sa wani ya sa hannun. Jirgi ya tashi.

Masu shara sun shaida abin da ya biyo baya. Dattijo da furfurarsa ya kifar da kwandunan shara ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ya samu kwalinsa a ninke, jiƙe sharkaf da jan man birki. Da gudu ya isa wurin rediyon magana da matuƙa.

"Kada ka sauka can. Birkin hagu zai yaudare ka. Juyo dogon titi, ka bar shi ya gangara."

Saura minti biyar matuƙin ya sauka, kuma babu abin da allon na'urorin jirgin ya nuna masa. Baba yana riƙe da rediyon, ba abin da yake gani sai fuskar 'yarsa.

"To, Baba. Na juyo."

Da ya taka birki a dogon titin, na hagu ya tafi ƙasa salalam. Jirgin ya karkace ya shige ciyawa, farfela ta lanƙwashe. Mutum uku suka fito da ƙafafunsu.

Masu bincike sun tambaye shi wa yake zargi. Ya ce shi makaniki ne, ƙarfe yake zargi. Amma tun daga ranar, surukin ne ke shimfiɗa kwalayen da kansa, kansa a sunkuye.

Baba Anya, kai ne ka yarda a kira ka fitinanne don wasu su koma gida. Kai ne ka rufa asirin da ya isa ka tona. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi durƙuson nan, ba ya rage girma.

Jiya aka yi masa walimar ritaya, aka ba shi rediyo a kwali. Ya ajiye rediyon gefe, ya baje kwalin, ya dangwala yatsa, ya tura shi ƙarƙashin motar 'yarsa.