Gadar da Kakanmu Ya Ɗauko wa Dutse

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni, kunya take yi. Na san al'ada ce. Amma wallahi saninta bai taɓa rage mini zafinta ba.

Tsakanin ƙauyenmu da Gummi akwai wata tsohuwar gada ta zamanin Turawa. Kakanmu, mahaifin Inna, yana cikin waɗanda suka ɗauko mata dutse a ka. Manya sun ce harajin ƙasarmu ne aka kai ajiya bankin Turawa, Bature ya zauna a kansa, sai da aka yi ta roƙo kafin ya saki na gadar. Ni ba wannan ne ya dame ni ba. So nake in ji labarin kakana daga bakin Inna. Duk ranar kasuwa ni ke goya ta a babur mu haye gadar, shiru kamar an aiko mu gaisuwar mutuwa.

Sai ga autanmu ya zo daga Gusau. Shi ne banki ya turo ya riƙa duba yadda ake kashe kuɗin sabuwar gada, tsohuwar kuma za a rushe ta. Yaron da na koya wa ɗaura tazuge! Ya shigo gida yana ƙamshin turare, Inna har da guɗa.

"Auta," in ji ta, "ka kai ni in yi bankwana da wagga gada."

Ina tsaye fa, da makullin babur a hannuna.

Autan ya dube ni. "Yaya, taho mu tahi tare mana, akwai wuri a mota."

Na ce ina da aiki. Wane aiki? Suna fita na bi ƙurarsu a babur har bakin gadar, raina a ɓace, na tsaya can gefe kamar mai gyaran taya.

Inna ta kama hannunsa, suka gangara ƙarƙashin gadar. Tsohuwar da ke kukan gwiwa kullum! Ina jiyo muryarta, zuba take yi, har tana dariya. Da na leƙa sai na ga ta ɗora tafin autan a jikin bango. Ashe akwai shatin hannun kakanmu a wurin, ya danna tun siminti yana ɗanye.

Bayan sun tafi na sauka, na nemi shatin da kaina. Na ɗora nawa tafin, ya zauna daidai, har karkataccen ɗan yatsana, ashe kakan ma haka nasa yake. Na juya don in ce wa wani ya zo ya gani. Babu kowa sai direban katafila, yana ta yi mini hannu in matsa.