Abin da ke Tsakiya

Jiya a garin Laurel ina share motar marigayi Kawu, sai na tsinci kartarsa, har yanzu tana ƙamshin turarensa.

Da yana raye, wasan kartar da ake kira foka muke yi da gyaɗa a madadin kuɗi, don ya ce caca ba ta shiga gidansa. Wata rana na riƙe kati huɗu iri ɗaya, saura guda in cika biyar, na kai hannu zan tura gyaɗata tsakiya.

"Tsaya, 'yar nan. Kati nawa ne za su cece ki?"

"Tara, Kawu."

"Sau ɗaya cikin biyar ke nan. Dubi gyaɗar da ke tsakiya. Ta kai ki bi?"

Ba ta kai ba. Na ajiye ina ƙunƙuni.

Bara likita ya ce sa'ar tiyatarsa ba ta wuce ɗaya cikin biyar ɗin nan ba, amma Kawu ya sa hannu. Na tambaye shi ina lissafin ya tafi. Ya nuna 'yarsa mai tsohon ciki, ya ce, "Ba ki dubi tsakiya ba."

Katin bai fito ba. Allah Ya sa abin da ya tarar ya fi wanda ya bari.