Layi Ɗaya Ba Shaida Ba Ne

A Aljirif aka haifi Hafiza, jikar alhazan da suka taso daga Katsina, tafiya ta ƙare musu a nan bakin kogin Nilu. Ubanta tubali yake gasawa, ita kuwa kimiyyar taurari ta karanta. Dangi suka ce Allah ya ba da sa'a, ba don sun gane ba.

Aikinta duba hasken kwasa ne, wasu fitilu masu tsananin nisa a ƙarshen sararin sama. Idan hasken ya ratsa gajimaren iska a hanya, gajimaren yakan shanye kaɗan, ya bar siririn layi a zanen da na'ura ke fitarwa. Wani tsohon malaminta ke aiko mata da zanen daga waje. Raunanan layukan take farauta, waɗanda da ƙyar ake bambanta su da kuskuren na'ura. Ka'idarta guda ce: sinadarin da take nema tagwayen layi yake bari, don haka in ɗaya ya fito shi kaɗai, ba ta karɓa. Ɗalibai har suka sa mata suna Sai-Biyu.

Shekarar da sojoji ke tare motoci suna kwasar samari, aka sauke ƙanenta Salih daga bas, aka tura shi yaƙin da ake yi a kudancin ƙasar. Daga baya wani soja ya zo gida ya ce ya ga faɗuwarsa. Inna Rabi, mahaifiyarsu, ta ce a shimfiɗa tabarmin makoki. Hafiza ta hana.

"Mutum ɗaya ne ya faɗa, Inna."

Haka aka yi shekaru, ana wanke jallabiyar Salih duk sallah. Mutane suka ce taurin kai ne irin na 'yan boko. Tsoro ne kawai.

Wata rana ta kai ɗinki Kasuwar Umdurman. Telan, Dauda, ya ƙura mata ido har ta tsargu.

"Ustaza, ke ba 'yar'uwar Salih ba ce? Kamarku ɗaya. Ni na haƙa masa kabari."

Ta tambaye shi wurin, ta tambaye shi watan. Duk suka zo daidai da maganar sojan farko.

Ta tarar da Inna tana tsince wake a tsakar gida.

"Inna, a shimfiɗa tabarmin."

Tsohuwar ba ta ɗago kai ba.

"Ni tun ranar na yi kukana, 'yar nan. Ke nake jira."